Ba Wadda Ta Yi Mushe

Ranar Lahadi da hantsi aka kira Nafisatu daga Janbako, aka ce Innarta ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace. Ƙanenta Nazir ne ya kira, yana magana yana haki. Ya ce ta taho, babu mai juya Inna, babu mai yi mata wanka, shi namiji ne, akwai inda hannunsa ba ya zuwa.

Ta ajiye wayar a kan turmi, ta yi tsaye a tsakar gida. Hawaye bai zo ba tukuna. Abin da ya fara shiga kunnenta shi ne kukan awakinta a bayan ɗaki.

Dabbobi biyar gare ta a gidan surukanta da ke Talata Mafara. Akwai Kyalla, jar akuya mai farar ɗamara, uwar garken, ga ta da cikin wata uku. Akwai 'ya'yanta mata biyu, da taure ɗaya, da wata farar tunkiya mai tsoron mutane. A duk faɗin gidan nan su kaɗai ne abin da za a nuna a ce na Nafisatu ne. Ita ta bi gonaki bayan girbi tana tattara harawa har ta cika saman rumfa. Ita ke bin maƙwabta karɓar ƙasari, ita ke share gindin turke kafin ta ɗora tukunya. Ga shi kuma bazara ce, irin wadda kwatarniyar ruwa ke ƙafewa kafin azahar.

Da can akwai wani Bafulatani da ke bin unguwa da safe yana tattara awakin mutane, ya kai su kiwo ya dawo da su da la'asar. Tun da daji ya lalace ya daina. Nafisatu ta juya gidan kaf a ranta ba ta ga wanda ya taɓa ɗaukar bokiti ya nufi rumfar nan ba. Sai ta taka dutsen da ke gindin katanga, ta leƙa gidan maƙwabciyarta.

"Taiba! Kina kusa?"

"Ga ni, uwar garke. Mi anka yi kike kirana kamar gobara ta tashi?"

Da Taiba ta ga fuskarta sai dariyar ta tsaya. Ta ji labari, ta yi salati, ta ce, "Tahi, ki tahi wurin Inna. Bisashe ki bar mini su."

"Sahe da marece fa, Taiba. Kyalla ba ta shan ruwan da ya kwana. Tunkiyar kuma sai kin ja baya take ci."

"Ke, ni za ki koya ma kiwo? Nawa bakwai, kin taɓa jin ɗaya ta yi tari? Kafin ki dawo sai kin kasa gane su don ƙiba."

Hankalin Nafisatu ya ɗan kwanta, ta shiga haɗa kaya. Da azahar mijinta Labbo ya dawo daga fadamun Bakura, inda yake gyaran injinan ban-ruwa. Ya ji abin da ya faru, bai yi musu ba, ya ce gobe da safe zai sa ta a mota. Ya fita zaure ya shaida wa mahaifinsa, Malam Jibrin. Da ya dawo fuskarsa ta sauya.

"Baba ya ce ba a yi haka ba."

"Tahiyar?"

"A'a, bisashen. Ya ce gida cike da mutane, a ce maƙwabciya ke shigowa sahe da marece tana ba awaki ruwa? Mi gari za shi ce? Cewa za a yi gidan Malam Jibrin ba mai amana. Ya ce ki bar su hannunshi."

"Amma na riga na yi magana da Taiba."

"To tahi zaure ki gaya mishi da bakinki."

Ya san ba za ta iya ba, shi ya sa ya faɗa. Shekara huɗu tana gidan nan, ba ta taɓa kallon ƙwayar idon surukinta ba. In za ta wuce zaure sai ta cire takalmi ta riƙe a hannu. In ya yi magana, amsarta ɗaya ce, "to". Haka aka rene ta, kuma saboda haka ne ake yabonta a unguwa.

Washegari ta durƙusa a bakin zaure, kai a sunkuye. Malam Jibrin yana zaune a kan buzu da littafi a cinya.

"Allah shi ba ta lahiya, shi sa kaffara ce," ya ce. "Bisashe kuma kada ki sa su a rai. Amana ce, ni na ɗauka."

"To, Baba."

Malam Jibrin ba ɓarawo ba ne. Mutane na kawo masa rigimarsu ya raba, in liman ba ya nan shi ke jan salla. Amma rabonsa da ba akuya ruwa tun yana yaro. Ranar da Nafisatu ta tafi ya kira babban ɗansa Sadi, yayan Labbo, ya ce ya kula da dabbobin yarinyar nan. Sadi ya ce wa matarsa Bushra ta riƙa dubawa. Bushra ta ce wa duk wanda ya ga dama. Amanar ta yi ta gangarowa daga hannu zuwa hannu har ta faɗi ƙasa, ba wanda ya ji ƙararta.

A Janbako kwanaki suka yi nauyi. Inna mace ce mai jiki, juya ta sai an haɗa da numfashi. Nafisatu ta wanke ta, ta wanke shimfiɗa, ta ɗura mata kunu da cokali rabi na komawa ta gefen baki. Waya ba ta kamawa sai a gindin wata tsamiya da ke bayan gida. Duk hantsi in Inna ta samu barci, can take zuwa ta ɗaga wayar sama kamar mai roƙon ruwa.

"Lahiya lau suke," in ji Labbo.

"Ka gan su?"

"Na ji kukansu da zan hita."

"Wane irin kuka?"

"Kukan akuya, Nafisa. Kuka nawa akuya ke da shi?"

Ta sauke wayar. Ita ta san akwai kukan gaisuwa, akwai na neman ɗa, akwai kuma wani mai tsawo da ke shaƙewa a ƙarshe, wanda akuya ba ta yin sa sai maƙogwaro ya bushe.

A kwana na goma Taiba ta kira. Ba ta yi wasan da ta saba ba.

"Ba tsegumi na kira in yi ba, amma in na yi shiru Allah za shi tambaye ni. Harawarki ana kwasa, ana kai ma wani sa da Sadi ke kiwo a ƙofar gida. Kwatarniya kuwa tun shekaranjiya ban ga jiƙa a gindinta ba. Na ɗauki ƙasari na shiga, Sadi ya tare ni a soro, wai sun gode, ba su gaza ba. Na jefa musu ganye ta katanga, ya kai ƙarata wurin maigidana. Yanzu kuma da sahe sai a kwance su a kora waje, su nemi na kansu."

Nafisatu ta kira Labbo ta gaya masa. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ja numfashi.

"Ai duk gida ɗaya na. Sa na da ci, kin sani. Yaya ya ce za shi mayar miki in damina ta sauka."

"In damina ta sauka wa ke neman harawa? Ciyawa har bakin ƙofa."

"To mi kike so in yi? In tsaya gaban ubana in ce ina harawa? Ke kuma ki rage sauraren Taiba, zafin hana ta da anka yi take ji."

Ranar Talata ta uku, ranar da motoci ke yawaita saboda kasuwar Mafara, sai ga Labbo a Janbako da kwanon samira a ɗaure cikin ɗankwali. Ɗakin Inna cike yake da 'yan dubiya, har da Gwaggo Fatima, ƙanwar mahaifin Nafisatu, da ta zo daga Damri. Ya durƙusa ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi mai jiki, ya tambayi zafi, ya tambayi gajiya, sannan ya tura kwanon gaba.

"Baba ya ce a gaida mai jiki."

Gwaggo ta buɗe. Soyayyen nama ne, cike har baki, ƙamshinsa ya cika ɗakin.

"Kai, masha Allahu! Kun ga surukan arziki. A wanga zamani wa ke aiko ma maras lahiya nama haka? Nafisatu, kin dace da gida."

Mata suka yi ta sa albarka. Nafisatu ta dubi mijinta, ta ga yana duban tabarma. Da ya fito ta bi shi bayan rumbu.

"Wacce?"

"Ƙaramar ɗiyar Kyalla." Ya sosa ƙeya. "Leda ta ci a bola, ciki ya kumbura. Allah ya sa Yaya na kusa, ya sa mata wuƙa tana da sauran rai. Da ta yi mushe ai hasarar ta zama biyu."

"Wa ya kai ta bola?"

"Kuka suke, suna hana Baba karatu. Shi ya sa anka sake su."

"Don mi suke kuka?"

Ya ce mota za ta tashi, kuma kada ta manta, Gwaggo ta ce a kai godiya. Da marece Gwaggo ta sa ta tsittsinka naman ƙanana ta jiƙa a romo. Inna, wadda kusan kwana ashirin ba ta karɓi abinci da marmari ba, ta buɗe baki da kanta. Nafisatu ta yi ta ba ta, cokali bayan cokali, tana murmushi don Inna na kallonta. Ita ko tsoka ɗaya ba ta kai bakinta ba.

Bayan kwana takwas sai taure. Labbo ya ce zawo ya kama shi, ya kwanta, aka yi masa wuƙa. Bayan shi tunkiya. An ɗaure ta da doguwar igiya a rana, ta yi ta zagaya turke tana neman inuwa har igiyar ta naɗe mata wuya. Allah ya sa, in ji Labbo, Yaya na kusa. Kullum Yaya yana kusa in lokacin wuƙa ya yi, amma ba ya kusa lokacin ruwa.

Nafisatu ta fara ramewa. Zanenta ya riƙa zamewa, bayanta ya riƙe saboda ɗaga Inna, abinci ya koma mata kamar ƙasa. Ta samu Nazir yana gyaran danga, ta ce ko zai je Mafara ya gano mata.

"Ni in shiga gidan surukanki in tambayi dattijo awaki? Yaya, aurenki kike so in kashe?"

Ta gwada Gwaggo. Gwaggo ta saki baki tana kallonta.

"Uwarki na kwance ba ta iya korar ƙuda, ke kina zancen akuya? Kada in ƙara ji. Mutanen da sunka aiko mana nama har sau biyu?"

Daga ranar ta daina faɗa wa kowa. Sai dai in ta je gindin tsamiya ta daɗe ba ta dawo ba.

Ta huɗu ita ce babbar 'yar Kyalla. Wannan karon Labbo bai ma yi dogon bayani ba. Ya ce ba ta kwanta ba tukuna, amma idonta bai yi wa Yaya ba, kuma gara a yi da wuri tun nama na da kyau. Taiba ce ta cike mata sauran. Ta ce ranar ne baƙin Malam suka zo daga Bakura, mutum shida, kuma ana gobe za su zo, da marece, ita da idonta ta ga akuyar tana tsalle tana kamo ganyen darbejiya.

"Saura Kyalla," in ji Taiba. "Tun jiya tana kwance, ta kasa tashi da cikin nan. Na ji Sadi na ce ma Bushra a nemo albasa. Nafisatu, in za ki zo ki zo."

Nafisatu ta koma ɗaki ta durƙusa gaban Gwaggo. Ba ta ambaci akuya ba. Ta ce kayan sawarta sun ƙare, tana so ta je ta ɗebo ta dawo a ranar. Gwaggo ta ce ta ji, amma yini ɗaya tak, ita ma ta bar gida ba kowa, kuma ba ta iya juya Inna ita kaɗai.

Talata da sassafe ta shiga motar 'yan kasuwa, an cusa ta tsakanin buhunan barkono. Direba ya ce duk mai komawa ya kasance a tasha kafin la'asar, don ba ya bin hanyar nan in rana ta karkata. Ramukan hanya suka yi ta buga bayanta, ba ta ji ba.

Ta cire takalmi a bakin zaure. Malam ba ya nan, ya tafi jana'iza. Ta wuce kai tsaye bayan ɗakinta.

Saman rumfa fayau, ana hango sama ta tsakanin itatuwa. Turaku huɗu a tsaye ba komai. Kwatarniya ta cika da ƙura da kashin kaji. A can lungu Kyalla ke kwance, ciki ya yi gaba, haƙarƙari a jere ana iya ƙirgawa, gashinta ya tashi ya yi fari-fari. Nafisatu ta kira sunanta. Akuyar ta ɗaga kai, ta buɗe baki, murya ba ta fito ba.

Ta ɗebo ruwa a randar ɗakinta, wanda ya yi wata biyu, ta zubar. Ta je randar tsakar gida ta cika kwano, ta tallafo kan akuyar a cinyarta tana ba ta kaɗan-kaɗan don kada ta shaƙe. Bushra ta fito da goyo a baya, ta tsaya daga nesa.

"Maraba, ya mai jiki? Wallahi ni ma abin na damuna. Amma kin ga goyo, ga girki, ga ruwan ma sai an sayo. Kuma ni ba ni anka ba amana ba, balle a ce."

Sadi ya shigo yana sakace. Yayan miji ne, shi ma ba a ɗaga masa ido. Nafisatu ta gyara lulluɓi ta gaishe shi daga inda take.

"Lahiya lau. Kin ga yadda Allah ya yi da bisashenki. Bana ciwo ya yi yawa a gari, ba ke ɗaya ba. Mun dai yi iya ƙoƙarinmu." Ya dubi Kyalla da idon mahauci. "Wagga ma in ta kai gobe haka, sai a yi abin da ya kamata. Kada a yi sakaci."

Labbo ya iso da azahar, hannunsa duk baƙin mai, don Bushra ta aika masa. Nafisatu ta ja shi gefe ta yi ƙasa da murya.

"Zan tahi da ita Janbako. A sa mini ita a mota."

"Ki hita da akuya daga gidan nan ranar kasuwa, gari na kallo? Kin ce Baba ya ci amana ke nan. Kin zage shi a bainar jama'a."

"To a kai ta gidan Taiba ajiya, har in dawo."

"Wannan ya hi muni. Abin da ya hana tun farko?"

"To kai ka riƙa ba ta ruwa. Kwano biyu kawai, sahe da marece. Don Allah."

"Ni da ke hita tun asuba? Nafisa, ki yi haƙuri mana. Dabba ce fa."

Wayarta ta yi ƙara. Gwaggo ce, Nazir ya kai ta gindin tsamiya. Ta ce Inna ta ɓata shimfiɗa tun hantsi, ta ƙi yarda kowa ya taɓa ta, sai kuka take tana kiran Nafisatu. Ta ce kada ta kuskura ta rasa mota.

Nafisatu ta dubi inuwar katanga, ta ga ta fara tsawo. Ta dubi akuyar, wadda ruwa ya sa ta fara motsa kunne. Ba ta da ikon ɗaukarta, ba ta da ikon ba da ita ajiya, ba ta da ikon zama. Ta daɗe a tsugune, hannunta a kan cikin Kyalla, tana jin abin da ke ciki yana motsi.

Sai ta miƙe, ta taka dutsen gindin katanga. Wannan karon ba ta yi ƙasa da murya ba.

"Taiba! Zagayo ki shigo."

Taiba ta shigo tana ɗari-ɗari. Sadi yana nan, Bushra tana nan, ga wani mai ruwa da ya shigo juye jarkoki ya tsaya da kurarsa.

"Ku shaida," in ji Nafisatu, idonta a ƙasa. "Na ba Taiba akuyar nan da abin da ke cikinta, sadaka, don Allah. Allah shi kai ladan ga Innata, shi ba ta lahiya."

Mai ruwa ne ya fara cewa amin, don shi bai san komai ba. Sadi ya buɗe baki ya rufe. Sadakar maras lafiya ce, an ambaci sunan Allah, ga shaidu. A gidan malami babu mai bakin da zai ce a fasa.

Taiba ta sunkuyo kamar za ta duba akuyar, ta yi raɗa. "Na gane. Ajiya ce, in kin dawo ki ɗauki abinki."

"A'a. In ajiya ce gobe za su zo su karɓa, kuma suna da gaskiya. Sadaka ce, Taiba. Taki ce har abada. Ki dai riƙa sauya mata ruwa."

Idon Taiba ya cika. Kyalla ba ta iya tafiya, sai suka shimfiɗa buhu suka mirgina ta a kai, su biyu suka ɗaga, mai ruwa ya kama musu gefe ɗaya. Haka aka fita da ita ta soro, kanta na lilo, tana waiwayen Nafisatu.

"Ikon Allah," in ji Sadi da ƙarfi, don a ji. "Mu da munka sha wahalarsu wata biyu, ko sannu ba mu samu ba. Sai bare."

Labbo ya biyo ta har ɗaki, tana cusa zannuwa a jaka.

"Kin san abin da kinka yi? Kowa ya gane. Baba ya dawo, Yaya ya gaya mishi. Ba ki barin gidan nan sai kin ba shi haƙuri."

"In ba shi haƙuri?"

"Ko ki ba shi, ko ki zauna mota ta tahi. Zaɓi."

Ta tsaya da jaka a hannu. Ta tuna Inna a cikin ƙazanta tun hantsi. Ta cire takalminta, ta nufi zaure, ta durƙusa a inda ta saba.

"Baba, na yi kuskure. A yi mini haƙuri."

Malam Jibrin ya rufe littafinsa a hankali. Muryarsa ba fushi, kuma wannan ne ya fi yi mata ciwo.

"Ni abin da na sani, amana na ɗauka kuma na riƙe. Huɗu sunka tahi, kwanansu ya ƙare, amma ba wadda ta yi mushe a gidan nan. Kowacce da sunan Allah a wuyanta. Ba kowane gida za a yi miki haka ba. Sadaka kuma abu ne mai kyau, sai dai da kin yi shawara da manya. Amma ƙuruciya ce. Tashi, ɗiyata, na yahe miki."

"Na gode, Baba."

Ta samu motar ana ɗaure kaya, ta zauna a gefen taga. Babu wanda ya haura katanga ya sace mata ko kaza. Babu wanda ya zage ta, babu wanda ya ɗaga mata hannu. In da za a tara mutanen gidan nan a tambaye su ɗaya bayan ɗaya, kowa na da hujjar da za a gyaɗa mata kai: wannan yana karatu, wannan yana da sa, wannan tana da goyo, wannan yana fita tun asuba. Ta samu mai amana tun ranar farko, katanga ɗaya ce tsakaninsu, aka hana ta don kada gari ya yi magana. Garin kuwa bai ce komai ba da awaki ke kuka, bai ce komai ba da ƙamshin suya ke tashi. Kunyar da aka koya mata, aka yabe ta a kanta, ita aka kama aka ɗaure mata baki da ita har aka cinye abin da ta tara. A ƙarshe ita ta durƙusa, ita aka yafe wa, ita ta yi godiya.

Ta isa Janbako rana na ja. Ta wanke Inna, ta sauya shimfiɗa, ta shafa mata mai a baya. Tsohuwar ta daina kuka, ta kama hannunta da hannun da ke motsi, ta yi ta kokawa da harshe har maganar ta fito.

"Kyalla... ta haihu?"

"Ta kusa, Inna. Yanzu tana wurin mai ba ta ruwa."

Sai ta sa hannu biyu ta juya Inna ta fuskanci bango, don kada ta ga fuskarta.